Agogon Saje Bawa da Hannuna na Hagu

Ku ɗan ja baya daga jikin gilashin nan, kuna dusashe min shi da numfashi. Kai kuma mai jar hula, na ji abin da ka faɗa, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai gyaran agogo ba aiki ba ne, zaman inuwa ne, a ɓalle murfi a sa batir a miƙa wa mai shi. To madalla. Tunda kasuwa ta yi sanyi yau, kun kuma zo kun cika min benci ba ku kawo gyara ba, sai ku zauna ku ji yadda zaman inuwar yake.

Agogon farko da aka bari na buɗe na wani direba ne mai ɗauko dawa daga Bena. Irin na da ne, wanda ake wanawa kowace safiya. Kafin ranar na daɗe a wurin maigidana Baba Ilu, Allah ya jiƙansa, ba abin da nake yi sai share tebur da wanke ƙananan ƙarafa a murfin kwalba da ɗan fetur. Da ya ga hannuna ya daina rawa, sai ya maƙala min gilashin nan na ido ɗaya, ya ba ni hantsaki, ya ce in ciro sifirin da ke ciki. Sifirin nan bai kai gashin kai kauri ba. Na kamo shi lafiya, murna ta kama ni, na saki numfashi, shi ke nan ya tashi. Ranar yini muka yi a durƙushe muna tankaɗe ƙasar ƙarƙashin tebur, direba na tsaye a kanmu yana zagi. Baba Ilu bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi mai wannan sana'a yakan koyi riƙe numfashi kafin ya koyi riƙe hantsaki.

Kayan aikin ga su nan, ba su da yawa. Wuƙar ɓalle murfi, sukudireba ƙanana, burushi mai laushi, hantsaki, gilashin ido, da mai wanda ake ɗiga shi da bakin allura. Amma Baba Ilu yakan ce akwai na ƙarshe da ba a saye a kasuwa, shi ne hannunka na hagu. Agogo yana iya tafiya daidai a kwance a kan tebur, ka ɗauka ka gama. Sai ya hau hannun mutum, ya ji ɗumin jiki da gumi da jijjiga, sannan ciwonsa ke fitowa. Don haka ƙa'idarmu ita ce duk agogon da ka gyara sai ya yini a hannunka. Ka daidaita shi da rediyo da safe, ka je masallaci da shi, ka ci abinci da shi, ka sake duba shi da rediyo da yamma. In bai yi gaggawa ba bai yi nawa ba, to ya warke. A kan wannan ƙa'ida na tsufa, kuma ban taɓa ganin laifinta ba sai da waɗannan sababbin suka zo.

Kun san yadda garin nan yake. Da wuya ka shiga gida a Zuru ba ka tarar da hoton wani cikin kakin soja a bango ba. To 'ya'yan nan da ke bariki da manyan garuruwa su suka fara aiko wa iyayensu agogon lafiya, mai koren haske a bayansa, mai ƙidaya takun mutum da bugun zuciyarsa da barcinsa. A lokacin waya ta riga ta kashe mana kasuwa, wasu abokan sana'ata sun koma facin taya, wasu sun koma gona. Ni na ce ba inda za ni. Na koyi ɗaga gilashinsu da zafi, na koyi sauya batir ɗinsu mai kama da ɓawon gyaɗa, na koyi kankare dattin gumi daga wurin caji, na liƙe da gam yadda ruwa ba zai shiga ba. Wannan duk mai sauƙi ne, ko kai mai jar hula za ka iya a wata guda. Abin da ba wanda ya koya min shi ne yadda zan yi da masu su.

Wata malamar makaranta ce ta fara kawo min nata, madauri ne ya tsinke. Tana tsaye tana taka ƙasa a wuri ɗaya kamar mai jin fitsari, wai in yi sauri kar ranar ta wuce mata ba a rubuta takunta ba. Amma gaskiya ita ya yi mata rana. Ta daina hawa kabu-kabu, ta koma takawa zuwa makaranta, jikinta ya yi sauƙi, ciwon gwiwa ya ragu, har yau tana gaishe ni da fara'a. Wasu kuma wata biyu uku sai ɗoki ya ƙare, agogo ya koma cikin kwanon da ake ajiye maɓallai. Waɗannan ba ruwansu, sun huta. Masu ban tsoro su ne na ukun, waɗanda agogon ke shiga musu kai a hankali. Wata mata ta zo min idonta garau, fuskarta a sake, ta ce agogo ya ce ba ta yi barcin kirki ba. Na ce to ke ya kika ji da kika tashi? Ta ce da dai ta ji daidai, amma tunda ta duba sai kanta ya fara ciwo. Wallahi haka ta faɗa min. Na goge mata bayan agogon, na matse madauri, don wani lokaci sakwarkwacewa ce ke sa shi shirme, na sallame ta. Me zan gyara a nan?

Saje Bawa kuwa duk matakan nan uku ya bi su, ɗaya bayan ɗaya, a gaban idona.

Wasunku sun san shi. Dogon dattijon nan Badakkare, tsohon soja, mai gida bayan coci, mai tafiya kamar har yanzu yana fareti. Tun zamanin agogon da ake wanawa yake kawo min gyara, in ya zo kuma sai ya zauna nan inda kuke zaune ya yi ta ba ni labarin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Yakan ce ya yi golmo ya gama, ya je yaƙi ya dawo, ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. A wurinsu namiji bai ajiye garma a tsakiyar kunya, ko da ransa zai fita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗiyarsa Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ita ta aiko masa agogon. Mai kyau ne, ba irin na tallan bakin titi ba. Ta haɗa shi da wayarsa, ta haɗa wayarsa da tata, duk abin da agogon ya gani a jikin uban sai ya bayyana mata can. Shekarar farko Saje kamar an ba shi sabon muƙami. Da sassafe ya haye dutse ya sauko, ya taka zuwa gonarsa ta hanyar Kanya, ya dawo ya tsaya nan ya turo min hannu a fuska wai in ga zoben ya cika. Akwai wani zobe da ke zagaye fuskar agogon, in ka yi tafiyar da ya yanka maka sai ya rufe ya yi walƙiya. Tumbinsa ya faɗa, ya rage shan abin da yake sha, matarsa ma ta zo ta yi min godiya kamar ni na ƙera shi.

Shekara ta biyu sai na ga abin ya fara juyewa. Da shi ke duba agogo, yanzu agogo ke kiransa. Muna cikin hira sai abin ya girgiza masa hannu, wai ya daɗe a zaune, sai ka ga dattijo ya miƙe zumbur kamar hafsa ne ya shigo. In ruwa ya hana shi fita, ya dinga zagaya tsakar gida har kaji su gaji da kauce masa. An ce ko a coci in wa'azi ya yi tsawo sai ya fita ya kewaya ginin. Na tsokane shi na ce, Saje, ka yi ritaya daga hannun gwamnati ka koma hannun roba? Ya yi dariya, amma idonsa na kan agogon.

Sai mummunar shekarar nan ta zo, ba sai na faɗa muku wacce ba, wasunku a cikinta aka kwaso ku daga ƙauye saboda mahara. Hanyar Bena ta zama sai da addu'a, ta Wasagu haka, gonakin nesa duk aka bar su ga ciyawa. Mutanen ƙauyuka suka cika gari da tabarmi da akuyoyi. Ni kaina sai in yini ban buɗe agogo ɗaya ba, wa ke ta lokaci? 'Yan kaɗan da ke zuwa kuma duk magana ɗaya suke kawowa, wai agogo ya lalace, yana nuna zuciyarsu na gudu alhali suna zaune. Ni kuwa na san lafiyarsa ƙalau. Mutumin da in babur ya yi ƙara a bayan gida sai ya zabura, ya za a yi zuciyarsa ta tafi a hankali? Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, mutum na ɓoye a ɗaki da iyalinsa, abin nan kuma yana girgiza masa hannu wai ya tashi ya taka. Ya taka zuwa ina?

Gonar Saje na cikin waɗanda aka bari. Zobe ya daina cika. Rifkatu na gani daga can, tana bugo waya, Baba me ya faru, Baba ka rage tafiya, Baba bugunka ya hau. Ita tsoro take ji, shi kuma ji yake kamar ana karanta laifinsa a gaban bataliya. Daga baya sai ya daina sa wa wayar data, ya ce mata sabis ne babu. Ya rame, ba ramar lafiya irin ta farko ba. Ya zo nan ya zauna shiru, babu labarin golmo, jim kaɗan ya ɗaga hannu ya duba, jim kaɗan ya sake dubawa. Matarsa ta gaya wa uwargidana cewa ko garma ya daina taɓawa, ko a ɗan lambun bayan gida.

Ranar da ya kawo min shi gyara, farkon damina ne, ya jira sai da kowa ya watse. Ya kwance agogon, wurin ya bar fari a fatarsa, ya ajiye min a kan gilashi. Ya ce abin ya haukace. Wai kwanan nan sai ya girgiza, ya nuna hoton zuciya da jan rubutu, cewa bugun ba ya tafiya daidai, a je a ga likita. Na tambaye shi ko yana jin wani abu a jikinsa. Ya harare ni ya ce shi da ya ɗauki bindiga mai nauyi ya haye duwatsu, wace zuciya? In duba kayana dai.

Na duba. Na goge bayan, na duba gilashin koren hasken ko ya tsage, na gwada batir, na kankare wurin caji. Ban ga komai ba. To sai na yi abin da Baba Ilu ya koya min, na ɗaura shi a hannuna na hagu na ci gaba da harkokina. Na je azahar na dawo, na ci tuwo, na zauna ina sa wa wani agogon bango ƙafa. Wajen la'asar sai na ji zuuu a hannuna. Na duba, ga hoton zuciya, ga jan rubutu, daidai yadda Saje ya faɗa. Har dariya na yi ni kaɗai. Na ce kama ka, maƙaryaci. Mutum biyu daban, magana ɗaya, ai ba sai an kira malami ba. In agogo ya yi nawa a hannun mai shi ya kuma yi nawa a hannuna, agogon ne da laifi. Haka aka koya min, haka na yi shekaru ina yi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Washegari Saje ya zo, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin ya lalace, ni ma haka ya yi min. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji, ya ce ai ya faɗa. Wata da watanni abin banza ya hana shi barci, ya mai da shi mace mai jego. Ya ce gobe ma akwai gayya a gonar surukan ɗan ƙanensa nan bayan dutse, yaron na golmo, ana taya shi huɗa, da ya ce ba zai je ba amma yanzu sai ya nuna wa yaran zamani yadda ake riƙe garma. Na ce ya bar min agogon in nemo masa sabon idon koren hasken a wurin masu kawo kaya. Ya ce in ma na ga dama in jefa shi rijiya. Ya tafi yana fito.

Da safe ina shirin fitowa, agogon na kan tabarma kusa da hulata, sai uwargida Hajara ta ɗauka tana jujjuya shi. Ta ce ita ma bari ta ji abin da zai ce mata. Irin na Saje yana da wani gwaji na nan take, ka ɗaura, ka ɗora yatsa a gefensa, ka yi shiru ɗan lokaci, sai ya ba ka amsa. Na ce ɗaura ki sha ƙarya. Ta ɗaura, ta ɗora yatsa. Ya nuna kore, bugu daidai.

Na ce dace ne. Ta sake, kore. Na fita da shi zaure, maƙwabcina tela na buɗe shago, na ce ya ba ni aron hannunsa. Kore. Mai kawo mana ruwa ya shigo da kura yana haki, na ce ya huta, na ɗaura masa. Bugunsa da sauri, amma daidai, kore. Sai na koma cikin zaure inda ba mai ganina, na ɗaura a hannuna, na ɗora yatsa, na riƙe numfashi kamar zan ciro sifiri.

Ja.

Yara, na ji tsoro a rayuwata. Na ji ranar da aka ce mahara sun kusa gari, na ji ranar da ɗana ya yi rashin lafiya. Amma wannan daban ne, don a cikin rigata abin yake, ba inda zan gudu. Nan take na tuna hakin da nake yi in na hau ɗan tudun masallaci, wanda nake ɗora wa tsufa. Na tuna yadda wani lokaci ƙirjina ke yin kamar an saki tantabara a ciki, in ce shayi ne ya yi ƙarfi. Ashe agogon lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin da na auna shi da shi ne ya lalace, wato ni. Ina tsaye ina jin abin na dukan haƙarƙarina yana tsallake, sai wani tsoron ya zo ya danne na farko. Saje. Na ce masa ƙarya ne, kuma yanzu haka yana bayan dutse da garma a hannu.

Ban ko sa hula ba. Na tare ɗan kabu-kabu na ce bayan dutse, gonar da ake gayya. Ya ce shi fa ba ya wuce gonakin kusa. Na ce na kusa ne, ka ja mu je. A shekarar nan ko gonar da kake hango rufin gari daga cikinta sai ka dinga waige, kowane kurmi ka ga kamar da mutum a ciki. Amma ni ranar ban kalli daji ba. Kowane rami muka faɗa sai in ji zuciyata ta tsaya ta sake tashi, ina salati, ina roƙon Allah ya sa kar in tarar an kewaye wani a ƙasa, ya sa kuma kar ni a sauke ni a hanya.

Tun daga nesa muka ji ganga. Maza sun jeru a kunya, ƙasa na tashi, mata na gefe da tukwanen abin sha suna guɗa. Ga Saje a tsakiyar layi, ya tuɓe riga, furfurar ƙirjinsa duk laka. Yana gaba da samari biyu, makaɗi na bin sa yana zuga shi. Na sauka na matsa. Da na kusa sai na ga abin da masu guɗa ba su gani ba. Leɓensa ya yi toka. In ya ɗaga garma sai ya ɗan tsaya a sama kafin ya sauke, bakinsa a buɗe, idonsa ya yi zuru-zuru. Bai ko kai rabin kunyar ba.

To ya zan yi? In na ɗaga murya na ce Saje zuciyarka ba lafiya, a gaban ɗan ƙanensa, a gaban surukan yaron, a gaban matan nan, na san shi sarai. Zai yi dariya ya ƙara wuta, ya kai ƙarshen kunyar ko ya faɗi a cikinta. Ba zai ajiye garma don kansa ba, ba a yi shi haka ba. Ina tsaye a cikin laka da takalmin kasuwa, agogon na hannuna. Sai na ga ba sai na ƙirƙiro komai ba, gaskiyar ma ta isa. Na shiga gabansa, na riƙe ƙotar garmar, ganga ta tsaya.

Na ce, "Saje, ni ne ba ni da lafiya. Zuciyata ce. Ban san kowa a asibiti ba, kuma tsoro nake ji. Zo ka raka ni."

Kowa ya ji, don ban yi a hankali ba. Ya dube ni, yana haki. Ya dubi hannuna na hagu, ya ga agogonsa a ɗaure, jan rubutun bai ma gushe ba. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnena, yadda ba wanda zai ji.

Ya ce, "Mai Agogo, ashe ba ƙarya yake ba?"

Na ce, "Ba ya ƙarya, Saje. Mu biyu ne."

Ya miƙe, ya juya ga jama'a, ya ce da ƙarfi wai abokinsa ya zo da lalura, soja kuma ba ya barin nasa a baya. Ya miƙa wa ɗan ƙanensa garma ya ce ya ƙarasa masa kunyar, ya sa riga a hankali, maɓalli bayan maɓalli. Mata suka yi ta yi min sannu. Mu uku muka hau babur ɗin, ni a tsakiya, shi a baya wai yana riƙe da ni kar in faɗi. Ina jin nauyinsa duk a bayana, goshinsa a kafaɗata, hannunsa sanyi kamar randa. Har muka shiga gari ban san wa ke riƙe da wa ba.

A asibiti aka manna mana wayoyi a ƙirji, gado kusa da gado. Ni aka ba ni magani aka ce in dinga dawowa, in rage gishiri da shayi mai kauri. Shi ba su sake shi ba. Likitan ya tambaye shi tun yaushe abin ke gargaɗinsa, da ya faɗa sai likitan ya ajiye biro ya sa aka kwantar da shi. Rifkatu ta iso washegari, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta tafi da shi babban asibiti. Kafin su tafi ta tsaya a nan gaban teburin ta ce, Baba, na gode, amma don Allah wa ya ce maka ana gwada irin wannan a hannun wani? Na ce maigidana ne, kuma a zamaninsa gaskiya ya faɗa.

Saje ya dawo, ya ƙara damina uku a duniya. Bai sake riƙe garma ba, bai kuma sake ɗaura agogon ba. Rifkatu ta yi ta fama, ya ce a'a, ya ji saƙon, ba ya bukatar a dinga maimaita masa shi kowace sa'a. Yana shan maganinsa, yana ɗan takawa da yamma gwargwadon yadda jikinsa ya ce, barcinsa ya dawo, labarin golmo ma ya dawo. Ranar asibiti yakan biyo ta nan ya ce in rufe gilashi mu tafi fareti. Bara ya rasu, ranar Lahadi bayan an taso coci, a zaune a kujerarsa. Da aka gama zaman makoki ɗiyar ta kawo min agogon. Ga shi can a kusurwar gilashi, wancan mai baƙin madauri. Ba na sayarwa ba ne, kar ma ku tambaya.

In kun ce in faɗa muku ko abin nan alheri ne ko sharri, ban sani ba. Ya ba Saje shekara guda ta ƙarfi, ya ci masa shekara biyu da fargaba, ya kuma faɗa masa gaskiya a lokacin da ya riga ya gaji da jin maganarsa. Ni dai abin da na sani, mutum in ya ajiye min irin wannan ya ce yana ƙarya, ba na fara taɓa sukudireba. Fuskarsa nake fara dubawa, da leɓensa, da yadda yake numfashi bayan ya hau ɗan tudun nan. Sau da yawa ba gyara ya kawo ba, so yake wani ya ce masa ba komai. Kuma kalmar nan ta fi sauƙin fita daga baki fiye da sa batir. Har yau in zan faɗe ta sai gabana ya faɗi.

Kayan aikina duk suna nan yadda Baba Ilu ya bar min, wuƙa, hantsaki, gilashin ido. Na ƙarshen ne kawai ya tashi aiki. Duk agogon lafiyar da na ɗaura a hannun nan ja yake nunawa, mai kyau da marar kyau, don haka ba ni da sauran abin gwaji sai na ara. Ga wannan na wani malamin coci, tun safe na gama shi, shi ma cewa ya yi ƙarya yake masa, kuma da la'asar zai zo jin amsa. Ina bukatar hannun mai lafiya.

Kai mai jar hula, kai da ka ce zaman inuwa ne. Miƙo hannunka na hagu, ka ɗora yatsa a nan, ka yi shiru.

A'a, ya ka mai da shi aljihu?